Kukan Birki Jawabi Ne: Abin da Za Mu Iya Gyarawa a Gida da Wanda Sai Bakanike

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Utai ranar Juma'a da safe ya san wannan ƙarar. Motoci sun ɗauko mutane da buhuna da awaki daga Darki da Acika za su kasuwar Wudil, babura da A Daidaita Sahu na biye da su. Da direba ya hango fasinja ya taka birki, sai ka ji "ƙiiii", har tsikar jikinka ta tashi. Ba mai waiwayawa, domin kunne ya saba. Mu ma mun sha shiga irin waɗannan motoci zuwa makaranta ko biki, muna ta hira, ba mu taɓa tambayar kanmu me ƙarar take nufi ba.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Kukan birki ma haka yake. Wani kukan ba komai ba ne illa ƙura ko tsatsar dare ɗaya, wanda ɗan sakandare da babansa za su iya magancewa a ƙofar gida. Wani kuma gargaɗi ne cewa saura ƙiris motar ta ƙi tsayawa. A wannan makon za mu koyi bambance su.

Yadda birki ke tsayar da mota

Ku goga tafin hannayenku biyu da ƙarfi. Za ku ji ɗumi. Wannan gogayyar ita ce asalin aikin birki: yana mayar da ƙarfin gudu ya koma zafi.

A yawancin ƙananan motoci, bayan kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe mai kama da faranti, wanda bakanikai ke kira diski. Yana juyawa tare da taya. Akwai kuma wani maƙalli, kalifa, da ke riƙe da wasu 'yan ɓallaye biyu, ɗaya a kowace fuskar diskin. Su ne birki fad. Idan direba ya taka birki, kalifa ta matse su jikin diski, taya ta rage gudu. A tayoyin bayan motoci da yawa, da kuma babura irin su Boxer, tsarin daban ne. Can wani ƙoƙon ƙarfe ne, dirom, sai wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu masu layinin a cikinsa, waɗanda ke buɗewa su danne bangon ƙoƙon daga ciki.

To yaya ƙafar mutum ɗaya ke tsayar da mota cike da kaya? Sirrin yana cikin man birki. Wani masani ɗan Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya gano cewa idan aka matsa ruwan da ke kulle cikin mazubi, matsin yana isa ko'ina a cikin ruwan daidai wa daida. Saboda haka ƙaramin fistin da ke ƙarƙashin ƙafar direba yana tura mai ta siraran bututu zuwa manyan fistin da ke tayoyi, ƙarfin ya ninka. 'Yan ajin kimiyya, wannan ita ce dokar Pascal da ke zuwa muku a jarrabawar WAEC da NECO.

Mu yi ɗan lissafi. Mota mai nauyin kilo 1,000 tana gudun kilomita 100 a awa. Idan ta tsaya cik, zafin da birkinta zai fitar ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita ɗaya, kuma cikin 'yan daƙiƙu. Shi ya sa ba a taɓa diski da hannu idan mota ta dawo daga tafiya. Haka kuma, idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake huɗu. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai lafiya, motar da ke gudun kilomita 50 na buƙatar kamar mita 14 bayan an taka birki. Mai gudun kilomita 100 kuwa sai ta ci kamar mita 55. Wannan fa lafiyayyen birki ke nan. Ku ƙiyasta wanda ya cinye, ga kuma garken shanu ya fito titi a kusa da Kara.

Daga ina kukan ke fitowa?

Ku tuna ƙarar da alli ke yi wani lokaci a jikin allo, ko kukan goge idan aka ja izga a kan tsirkiya. Abin da ke faruwa shi ne abu ya kama, ya zame, ya sake kamawa, ya sake zamewa, da saurin da ido ba ya gani. Wannan ne ke sa abin ya yi rawa, rawar kuma ta zama sauti. Birki fad ma kan yi haka a jikin diski, shi kuma diskin ya amsa kamar ƙararrawar makaranta. Siririn kukan birki rawa ce da ta wuce sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya.

Matsalar ta girmi kakanninmu. A 1902 wani injiniya a Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin diski na mota. Ɓallayensa na jan ƙarfe ne, don haka ƙarfe ke gugar ƙarfe, ƙarar ta hana mutane sakewa. Sai da aka samu abin da ya fi dacewa a liƙa a fuskar ɓallayen, sannan bayan motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da birkin diski a 1953, tsarin ya fara bazuwa. Har yau kamfanonin mota na kashe kuɗi kan binciken wannan kukan.

Kuka iri biyar

Na farko, kukan safe. Da damina, ko bayan an wanke mota, tsatsa kan yi wa diski fuska cikin dare ɗaya. Da an taka birki sau uku ko huɗu sai ta goge, ƙarar ta ɓace. Wannan ba abin damuwa ba ne.

Na biyu, kukan ƙura. Wannan namu ne na gida. Motar da ke bin hanyoyin burji tsakanin ƙauyuka, ga hazon hunturu, dole ƙura da yashi su shiga tsakanin fad da diski ko su taru cikin dirom. Wani lokaci ma 'yar tsakuwa ce ke maƙalewa tsakanin diski da farantin kwanon da ke bayansa, sai ka ji ƙarar kankara ko ba a taka birki ba.

Na uku, kukan santsi. Idan birki ya sha zafi sosai, kamar motar da aka yi wa lodi fiye da kima direba na ta jan birki, fuskar fad kan yi sheƙi kamar gilashi. Kuka zai zo, kamun kuma ya ragu. Jabun fad ma kan yi haka tun yana sabo.

Na huɗu, kukan gargaɗi. Masu ƙera birki fad da yawa kan saka masa wani ɗan harshen ƙarfe da gangan. Idan fad ya cinye saura kaɗan, harshen ya fara taɓa diski, sai ya riƙa wani siririn fito mai naci, wanda sau da yawa ake jinsa ana cikin tafiya. Aikinsa ke nan: ya dami direba har ya canza fad.

Na biyar ba kuka ba ne, gurnani ne. Idan ka ji "gurrr" mai kauri kamar ana niƙa, har kana jinsa a ƙasan mota, to fad ya ƙare, ƙarfen bayansa ne ke cin diski. Motar da ke wannan bai kamata ta ɗauki ko mutum ɗaya ba sai an gyara.

Kafin a taɓa komai

Mu faɗa a fili: ba mu ce ɗalibi ya kwance motar gidansu shi kaɗai ba. Aikin birki aikin rai ne. A yi shi tare da babba wanda ya san mota, uba ko yaya ko kawu, ku kuma ku zama masu haska fitila, masu miƙa sifana, masu aunawa da tambaya. Haka kowane bakanike ya fara.

A ajiye motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba kan yashi ba. A bar ta ta huce. A kashe inji, a sa giya, a ja birkin hannu, a sa wa sauran tayoyin waigi. A sassauta notunan taya kaɗan tun tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak. Kada a taɓa dogara da jak kaɗai. A tallafe motar da ƙarfen tallafi na gareji ko kututture mai ƙwari. Bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana iya rugujewa ba zato. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Kuma kada kowa ya sa kai ko ƙafa ƙarƙashin mota.

Sai batun ƙura. Baƙar ƙurar da ke jikin birki ba irin ta titi ba ce. An daɗe ana haɗa layinin birki da wani ma'adini, asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo mugun ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Ƙasashe da dama sun hana amfani da shi, amma da ido ba za ka gane fad ɗin da ke ɗauke da shi ba. Saboda haka kada a hure ƙurar da baki ko da iskar famfon faci. A sa takunkumi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma ko a fesa maganin wanke birki da ake sayarwa a gwangwani, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Abin da za a iya yi a gida

Abu na farko dubawa ne. Da an cire taya, a haska ta tagar kalifa a ga kaurin abin da ke fuskar fad, ban da ƙarfen bayansa. Sabon fad na gaba kan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko milimita 3, lokacin canji ya yi. Ga inda rularku ta akwatin lissafi za ta yi amfani. A duba na ciki da na waje duka. Idan ɗaya ya cinye ɗaya kuma yana nan da kauri, kalifa ce ta maƙale, wannan kuma sai bakanike.

Na biyu, a duba diski. Fuska mai laushi da 'yan siraran layuka ba matsala. Ramuka masu zurfi da farce ke faɗawa, tsagewa, ko launin shuɗi na ƙuna, duk alamun a je gareji ne. Masu ƙera diski kan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikinsa, bakanike zai auna ya gani.

Na uku, tsafta. A wanke ƙura, a cire tsakuwa idan akwai. Idan farantin kwanon bayan diski ya lanƙwashe yana gugarsa, a miƙe shi a hankali da hannu. Sau da yawa nan kaɗai kukan ke ƙarewa, ba a kashe ko kwabo ba.

Na huɗu sai idan babban da kuke tare da shi ya iya kwance kalifa. A fito da fad, idan har yanzu yana da kauri amma fuskarsa ta yi sheƙi, a shimfiɗa sanfefa a kan wuri mai baje, a ɗan jiƙa, a goga fuskar kaɗan har sheƙin ya dushe. A goge tsatsar mazauninsa da burushin waya. Sai a shafa giris na musamman na birki, ɗan kaɗan, a bayan ƙarfen fad da kunnuwansa da kuma sandunan da kalifa ke zamewa a kansu. Giris na gama-gari kan kumbura robar da ke wurin, don haka a tambayi na birki. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyon mai, a rataye ta da waya. Kada kuma wani ya taka birki tana kwance.

Bayan an mayar da komai, a ɗaure notunan taya ana tsallake ɗaya zuwa na gabansa, ba a jere ba. Kafin motar ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri ƙarƙashin ƙafa. Mantuwa da wannan kaɗai ta isa mota ta afka wa katanga. Sannan babba ya gwada a hankali a inda ba mutane. Idan sabon fad aka sa, a canza na dama da na hagu tare, a kuma lallaɓa shi a kwanakin farko.

Abin da ba a yi ko da wasa

Idan ƙofar ɗaki na kuka, muna ɗiga mata mai. Wannan dabarar ita ce mafi haɗari idan aka kawo ta birki. Kada mai ko giris ko baƙin mai ko gas ko kananzir su taɓa fuskar fad, ko diski, ko cikin dirom. Ƙarar za ta iya yin shiru, amma birkin ma ya tafi tare da ita, domin gogayyar da yake aiki da ita aka kashe. Fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai canji.

Haka nan ba a zuba komai a tukunyar man birki sai man birki. A murfin za ku ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4, wanda aka rubuta shi za a saya. Wasu kan zuba ruwan omo wai su lallaɓa zuwa gari. Ruwa na tafasa a maki 100, alhali sabon DOT 3 sai ya kai maki 205, DOT 4 kuwa 230. Idan abin da ke cikin bututu ya tafasa ya zama tururi, ƙafa za ta nutse har ƙasa, mota na tafiya abinta. Shi kansa man birkin yana zuƙar laima daga iska, shi ya sa ba a amfani da wanda aka daɗe da buɗe shi, ana kuma canza na cikin mota kamar duk shekara biyu.

Sai saye. Ko a Wudil ko a kasuwar Ƙofar Ruwa cikin Kano, a tafi da tsohon fad don a gwada, a kuma je da wanda ya san kaya. Araha ba ta ado, balle a kan birki.

Idan kuwa birki ya yi laushi kamar soso, ko yana nutsewa a hankali, ko mota na fizga gefe ɗaya, ko sitiyari na rawa idan an taka, ko an ga jiƙa a cikin taya, ko jar fitilar birki ta kunnu a dashbod bayan an sauke birkin hannu, to aikin gida ya ƙare. Sai bakanike, kuma a ranar.

Mu fara da kekunanmu

Yawancinmu ba mu da mota, amma muna da keke, kuma darasin ɗaya ne. Ku duba robar birkin: idan layukan jikinta sun shafe, ta ƙare. Ku zare yashi da ɓurɓushin ƙarfen da suka nutse cikinta. Ku wanke gefen rim da ruwa da sabulu, musamman idan man sarƙa ya fantsama. Ku daidaita robar ta zauna kan rim ba kan taya ba, kuma gabanta ya riga bayanta taɓawa da ɗan kaɗan, kamar kaurin kati. Wannan 'yar karkatar na kashe kukan keke sau da yawa. A babur, ku lura da notin da ke ƙarshen sandar birkin baya. Idan kullum ana ƙara ɗaure shi har zaren ya kusa ƙarewa, layinin ne ya cinye, ɗaurewa ba za ta dawo da shi ba.

Bakinmu ma birki ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato sa'o'inmu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na lissafa lalacewar birki cikin dalilan haɗurra a titunanmu. Amma jami'inta ba ya cikin motar da kuka shiga. Ku ne a ciki.

Ba sai an yi rashin kunya ba. A gida, ana iya cewa: "Baba, na ji birkin nan yana fito ko ba a taka ba, mu duba kaurinsa ran Asabar?" A tasha: "Malam direba, don Allah birkin nan lafiya kuwa? Na ji yana gurnani." Wataƙila a yi muku dariya, a ce an saba. Idan gurnani ne na gaske, gara ku sauka ku jira ta baya ko da za a makara. Hanyar Wudil zuwa Kano, da gadarta da manyan motocinta masu zuwa Maiduguri, ba wurin gwajin sa'a ba ce.

Wanda kuma ya ji wannan aikin ya kwanta masa, hanyar ba ta da nisa daga Utai. Akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Wudil, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, inda ake karanta aikin injiniya. 'Yan mata ma kada ku ce ba naku ba ne: Sandra Aguebor ta kafa shirin koya wa mata kanikanci tun 2004, kuma mata da dama sun fito daga cikinsa suna riƙe da sifana.

Aikin wannan makon

Ku ɗauki takarda da biro ku zauna nesa kaɗan da titi na rabin awa. Duk abin hawan da ya taka birki kuka ji ƙara, ku rubuta: mota ce, babur ne ko A Daidaita Sahu, da kaya ko babu, fito ne ko gurnani. Sannan ku auna kaurin robar birkin kekenku, ko fad ɗin motar gida tare da babba. Ku kai sakamakon wa malamin kimiyya ku tattauna a aji, ku kuma aiko mana da shi da sunan makarantarku. Za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba. Allah Ya kiyaye mana hanya.